Yadda za ka bambance ciyayin nan dangin shuwaka da suka cika gefen hanyoyin Jos

Duk wanda ya bi hanyar Zariya ko ta Bauchi a watan Oktoba zuwa Nuwamba, ko ya gangara ta Hawan Kibo, ya san yadda gefen titi yake komawa rawaya gaba ɗaya, fure ko'ina, kuma in ka tsayar da mutum goma ka tambaye su menene wannan, tara za su ce maka furen rana ne na daji, na goman ya ce ai ciyawa ce kawai. Toh a cikin rawayan nan kaɗai akwai tsiro aƙalla uku daban-daban, ban da farare da masu ruwan makuba da ke ƙasa-ƙasa waɗanda mota ba ta bari ka gani.

Ni abin da ya jefa ni cikin harkar nan kiwon zomo ne. Wata rana na aiki ƙanena ya yanko min harantama a bayan unguwa, yaron ya cika buhu ya kawo, ina zazzagewa na ga rabinsa wata ciyawa ce mai wari, zomayen suka shinshina suka ja baya. Na ce masa kai ba harantama na ce ba, ya ce wallahi Yaya duk iri ɗaya suke, ganye biyu-biyu da ɗan fure a kai. Kuma gaskiyarsa, in ba a nuna maka inda za ka duba ba haka za ka gan su. Daga baya na san wadda ya haɗo ɗin Ageratum ce, kuma tana ɗauke da sinadarin da ke lalata hanta in dabba ta yawaita ci. Tun daga nan na ɗauki abin da gaske, don mutanenmu suna tsinkar ciyayin nan su yi miya, su yi magani, su ba dabbobi, kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin komai ka tabbatar ma cikin dangin kake

Masana suna kiran dangin nan Asteraceae, daga kalmar Girkanci mai nufin tauraro, kuma iri-irinsu a duniya sun haura 23,000. Shuwaka ɗan gidan ne, latas ɗin da ake lodi a Farin Gada ma haka, da tazargade, da dayi na can arewa mai ƙaya, da kashin yawo. Ainihin furannin da ake kira asta, waɗanda dangin ya ci sunansu, na Turai da Asiya da Arewacin Amurka ne, can suke fure a ƙarshen zafi gab da sanyi, amma 'yan uwansu sun cika mana nan kuma dabarar gane su duk ɗaya ce.

Ka tsinko fure ɗaya ka tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa da reza. Abin da kake ɗauka fure ɗaya ne za ka ga taron ƙananan furanni ne a cushe a kan faifai ɗaya, kowanne da ɗan irinsa a gindinsa. Na tsakiya kamar ƙananan bututu suke, na gefe kuma, in akwai su, kowanne ya miƙo harshe ɗaya waje, su ne mutane ke ɗauka ganyen fure. Ka juya shi ta baya za ka ga wani koren ƙoƙo da 'yan ganyayyaki suka haɗu suka yi, shi ke riƙe da taron. In ka ga abubuwan nan toh kana gidan. Ƙarangiya duk da tana maƙale wa mutum a wando ba ta ciki, ita dangin gero ce.

Kayan aikin ba su da yawa: reza, farar takarda, rula, tsohuwar jarida, da ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau 10 ya isa. In babu, kyamarar waya ma tana taimakawa in ka matso da ita cikin haske mai kyau. Lokacin da ya fi kuwa shi ne Satumba zuwa Nuwamba, don a lokacin za ka samu fure da iri a jikin tsiro ɗaya, in hunturu ya kankama kuma aka fara ƙona daji ka rasa yawancinsu.

Mataki na farko, ka manta da launin fure tukuna, ka duba ganye

Nan ne kowa ke faɗuwa, ido yana zuwa kan fure kai tsaye. Launi yana yaudara, Ageratum ɗaya za ka gan ta shuɗi-shuɗi a inuwa ka gan ta kusan fara a wani wurin. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda ganye ke zaune a kara. Ka duba tsakiyar karan, kada ka duba can ƙoli kusa da fure don nan wani lokaci tsarin yana rikicewa. Shin ganye biyu ne suka fito a gaɓa ɗaya suna fuskantar juna, ko kuwa ɗaya nan ɗaya can sama a ɗaya gefen?

Masu biyu-biyu: harantama, Bidens, Galinsoga, Ageratum, Chromolaena, Aspilia, Cosmos, kashin yawo. Masu ɗaya-ɗaya: shuwaka da duk danginsa na Vernonia, Tithonia, Emilia, Conyza, da masu fitar da farin ruwa. Da wannan dubawar kaɗai ka raba tarin gida biyu, kuma ba ta ɗaukar ka minti ɗaya.

Sai ka shafa ganyen da bayan yatsa, yana da kaushi kamar sanfefa ko laushi ko santsi, sannan ka ga ko ganye ɗaya ne shimfiɗe ko ya rabu yatsu-yatsu.

Mataki na biyu, ka murza kara, ka karya, ka shinshina

Ka sa karan tsakanin yatsu biyu ka murza. In ya ƙi juyawa sumul, kana jin kusurwa huɗu, ka fara zargin Bidens. Ka karya shi ka jira kaɗan, in farin ruwa kamar madara ya tsattsafo toh ka shiga ɓangaren latas, kuma su furensu duk harsuna ne babu bututun tsakiya ko ɗaya. Sannan ka murtsuke ganye ka kai hanci. Hanci yana aiki sosai a dangin nan, amma don Allah ban da ɗanɗanawa, abin da ba ka sani ba kada ya shiga bakinka, kuma ka wanke hannu in ka gama don wasu suna sa ƙaiƙayi.

Yanzu bari mu shiga waɗanda suka fi rikita mutane, don nan ne aikin yake.

Rawayan gefen titi

Babban cikinsu, wanda ya fi mutum tsawo ya yi duhu a gefen hanya har mita 2 zuwa 3, shi ne Tithonia diversifolia, asalinsa daga Meziko da tsakiyar Amurka ne aka kawo shi ya bazu. Ganyensa ɗaya-ɗaya ne, manya, sun rabu gida 3 zuwa 5 kamar tafin agwagwa, ƙasansu fari-fari. Furen ya kai faɗin tafin hannun yaro ko ya fi, kuma ga alamar da na fi so, ka bi sandar furen da yatsa zuwa sama, dab da ƙoƙon za ka ji ta kumbura, in ka matsa za ka ji cikinta rami ne. Manoma suna sare shi su binne a gona don ganyensa taki ne mai kyau, wannan kam ni ma na gwada a kan kabeji kuma ban yi nadama ba.

Na biyu Aspilia africana, wanda ake matse ruwan ganyensa a kan sabon yanka don jini ya tsaya. Daga nesa kamar ƙaramin Tithonia yake shi ya sa ake haɗa su, amma ganyensa biyu-biyu ne, bai rabu ba, dogo mai tsini, kuma kaushinsa har yana kama yatsa. Furen ƙarami ne, santimita 3 zuwa 4 haka, karan siriri mai gashi mai tauri, yana yawan jingina da wasu ciyayi maimakon ya tsaya ƙyam. Wanda yake neman Aspilia don rauni ya tsinko Tithonia ya yi aikin banza, kuma bambancin a fili yake in dai ya duba gaɓa. Yana da wani ɗan'uwa, Aspilia kotschyi, mai fure ja mai duhu kusan baƙi, ranar da na fara ganinsa a cikin dogayen ciyayi na daɗe a tsugune ina kallo, ikon Allah, kaushin ganyen iri ɗaya da na rawayan.

Na uku Cosmos, wanda ya tsere daga lambunan gidaje ya shiga daji. Shi furensa ya fi karkata zuwa ruwan lemo, harsunansa kusan 8 ne masu faɗi da 'yan haƙora a baki, ganyen kuma biyu-biyu amma a tsattsage sosai kamar an bi shi da almakashi. Da ka ga ganyen an gama magana.

Ƙananan farare masu rawayan ciki

A cikin waɗannan ne wadda na aiki ƙanena ya yanko take. Harantama, Tridax procumbens, kwanciya take yi a ƙasa, karanta mai gashi yana rarrafe, sai ta ɗaga doguwar sanda siririya tsirara babu ganye, wani lokaci ta kai tsawon taƙi ko fiye, da fure ɗaya tak a kai. Harsunan ba farare tas ba ne, ruwan madara ne, gajeru, kowanne da haƙora 3. In ta bushe irin yana da gashi kamar gashin tsuntsu iska na ɗauka. Tana son wuri mai rana, gefen kwalbati, filin makaranta, tsagar siminti.

Bidens pilosa a tsaye yake, kara mai kusurwa huɗu, ganyen ya rabu gida 3 ko 5 kowanne da haƙora kamar zarto. Harsunansa farare ne in akwai, don sau da yawa babu su sam, sai ɗan rawayan tsakiya kawai, wannan ma yana rikita mutane su ɗauka tsiro biyu ne. Amma irinsa ba ya ɓuya, baƙaƙen allurai masu tsawon kusan santimita 1 da 'yan ƙugiyoyi 2 zuwa 4 a kai, su ne waɗanda kake zama kana cirewa ɗaya-ɗaya daga safa da ƙafar wando in ka dawo daga gona.

Galinsoga kuma ɗan sanyi ne, ya fi son gonakin kayan lambu masu taki da laima irin namu na kan tudu, tsakanin kunyoyin dankali da karas. A tsaye yake shi ma amma mai laushi, ganye biyu-biyu da ba su rabu ba, furen ƙanƙane ƙwarai bai kai ƙwayar wake ba, da 'yan harsuna farare kusan 5 a wawware da giɓi tsakaninsu, kuma furannin da yawa ne a kan rassa, ba ɗaya a kan doguwar sanda ba. In kuma a bakin ruwa kake, gefen tsofaffin kududdufan kuza ko lambatu, ka ga mai farin fure da harsuna sirara masu yawa kamar geza da dogon ganye marar sanda, ka murtsuke shi, in ruwan ya koma baƙi a yatsanka bayan ɗan lokaci Eclipta ne.

Masu ruwan makuba da ba su da harsuna

Nan nake so a fi natsuwa don Ageratum da Chromolaena, har ma da Emilia, suna da sinadarin nan mai taɓa hanta. Dukkansu furensu kamar ɗan burushi ne ko tuntun hula, babu harshe ko ɗaya.

Ageratum conyzoides gajeriya ce, yawanci ba ta wuce gwiwa zuwa ƙugu, mai laushi, kara mai farin gashi, ganye biyu-biyu mai siffar ƙwai da haƙora marasa tsini. Ka murtsuke ka ji wari kamar na bunsuru, da ka ji sau ɗaya ba ka mantawa. Furannin 'yan dunƙule-dunƙule ne a tare a ƙoli. Ka sa irin a farar takarda ka duba da gilashi, a kansa ba gashi ba ne, 'yan ɓawo 5 ne masu tsini.

Chromolaena odorata, wanda mutanen kudu ke kira Awolowo ko Akintola, ya fi yawa in ka sauka daga tudu ta wajen Akwanga zuwa Abuja da kudu. Shi babba ne, yana hawa kan wasu itatuwa, gindinsa yana yin itace, rassansa suna fita biyu-biyu a miƙe gefe da gefe kamar mutum ya buɗe hannuwa. Ganyen mai kusurwa uku ne da dogon tsini, ka juya bayansa za ka ga manyan jijiyoyi 3 sun taso tun daga kusa da gindin ganyen. Warinsa mai ƙarfi ne mai yaji-yaji, daban da na bunsurun can. Ƙoƙon furen dogo ne kamar ɗan bututu da ɓawo hawa-hawa, irin kuma gashi gare shi, sannan shi sai rani ya shigo wajen Disamba yake fure, lokacin da yawancin sauran sun bushe. Matsalar ita ce ƙaramin Chromolaena da bai yi fure ba yana kama da Ageratum sosai, toh a nan jijiyoyin nan 3 da hanci su ne za su fitar da kai.

Vernonia cinerea ɗan ƙanen shuwaka ne, siriri, toka-toka, furanni ƙanana masu ruwan makuba mai haske. Ka koma mataki na farko kawai, ganyensa ɗaya-ɗaya ne, shi ke nan ya fita daga layin waɗancan biyun. Emilia ma ɗaya-ɗaya ne, amma jikinta santsi ne, ganyen sama ya rungume kara babu sanda, na ƙasa sau da yawa bayansa ja-ja ne, kuma ƙoƙonta layi ɗaya ne na ɓawo a jere sumul kamar kwalba, ba hawa-hawa irin na Vernonia ba. Akwai mai furen ruwan hoda akwai mai ruwan lemo.

Mataki na uku da mutane ke tsallakewa, ƙoƙo da iri

Na riga na ambace su nan da can amma bari in tsaya a kai, don in biyu suka yi kama har ka rasa yadda za ka yi, amsar tana bayan furen ne ko a jikin iri. A ƙoƙo ka duba layi ɗaya ne ko hawa-hawa kamar rufin kwano, bakin ɓawon a kwance yake ko ya lanƙwaso waje, da gashi ko babu, yana danƙo a yatsa ko a'a. Masu nazarin asta na Amurka ma da wannan suke raba nasu, don can furannin kusan duk shuɗi ne ko fari da rawayan ciki. A iri kuma ka duba abin da ke kansa: gashi mai laushi irin na tumfafiya, ko ƙugiya, ko ɓawo, ko ƙaya, ko ba komai.

Misali kashin yawo da Synedrella, dukkansu ganye biyu-biyu da 'yan furanni rawaya da suka maƙale a hammatar ganye babu sanda. Kafin su yi iri sai ka rantse ɗaya ne. Amma kashin yawo jikinsa duk gashi, rassansa suna rabuwa biyu-biyu kamar gwafa, 'ya'yansa kuma suna jeruwa kamar tauraro kowanne da ƙananan ƙugiyoyi da dogayen ƙaho 2, wanda ya taɓa taka shi ba takalmi ya san shi. Synedrella irinta ƙanana ne, nau'i biyu a fure ɗaya, na gefe masu faɗi da fiffike mai haƙora, na tsakiya sirara masu tsinke.

Haka Conyza, wadda ita ce ta fi kusa da ainihin asta a cikin namu, doguwar ciyawar nan mai kara ɗaya a tsaye da siraran ganye rututu, furenta ba ya wani buɗewa sai dai ka ga ya koma auduga mai datti-datti. Iri biyu ake yawan haɗuwa da su, ka ja baya ka kalli siffar kan. In rassan gefe sun yi tsawo sun wuce karan tsakiya kuma jikin toka-toka ne, Conyza bonariensis ce. In kan ya tashi kamar dala, tsakiya ya fi kowa tsawo, kuma tsiron ya kai tsayin mutum, Conyza sumatrensis ce.

Wata dattijuwa da nake sayen ganye a wurinta ita ta gyara min kuskure a kan masu farin ruwa. Na kai mata Emilia ina cewa Mama wannan ba shi ne wanda Yarbawa ke kira yanrin ba, ta karɓa ta karya karan ta nuna min ta ce ɗana ina nonon? Babu. Na gaskiyan, Launaea taraxacifolia, ganyensa a shimfiɗe yake a ƙasa zagaye da gindi kamar latas, a yayyanke, yana fitar da farin ruwa, sannan ya harba dogon kara mai furanni rawaya. Sonchus ma yana da farin ruwa da rawayan fure, amma karansa rami ne a ciki kamar bututu, ganyen ya rungume karan da 'yan kunnuwa, wani irinsa ma gefen ganyen yana suka.

Maganar waya

Manhajoji irin su PlantNet da iNaturalist da Google Lens suna taimakawa kuma ina amfani da su, amma in ka ba su hoton fure daga sama kawai za su iya kawo maka sunan wani tsiro na wata nahiya, don dangin nan ta fuska duk kamarsu ɗaya. Ka ɗauki hoto biyar: tsiron gaba ɗaya da wani abu kusa da zai nuna tsawonsa, gaɓar kara inda ganye ya fito, bayan ganye, furen ta gefe yadda ƙoƙon zai fito, da iri a kan farar takarda kusa da rula. Sunan da ta ba ka kuma ka ɗauke shi a matsayin zato, ka dawo ka gwada shi da ganye da kara da wari. Sunayenmu na Hausa ma haka, suna ɗaya yana iya hawa kan tsiro biyu daga gari zuwa gari, shi ya sa nake rubuta na Latin a gefe.

In abin na magani ne ko na ci, ko za ka ba dabbobi da yawa, ka tuge tsiron gaba ɗaya har saiwa, mai fure da iri, ka shimfiɗa shi tsakanin jaridu ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu na kallon sama, ka danne da katako da bulo, kana canza jaridar kullum don kada ya yi fumfuna, a sanyin Jos yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bushe. Ka rubuta ranar da wurin da launin furen da warinsa a takarda tun yana ɗanye, don launi yana gudu in ya bushe. Sai ka kai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos ko sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Jos a duba maka, in kana ta wajen Zariya kuma akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello inda ake gwada naka da nasu.

Ƙanen nawa yanzu kafin ya sa lauje sai ya tsuguna ya nemo doguwar sandar nan mai fure ɗaya, ya murtsuke ganye ya shinshina, in ya ji bunsuru ya matsa gaba.